Yadda za ka karɓi haƙƙinka idan gidan mai ya zuba wa motarka man da ba nata ba

Hilux mai shan fetur da Hilux mai shan gas, in suka jeru a layi, ido ba ya raba su. Haka Hiace, haka Land Cruiser. Yaron da ke riƙe da famfo tun asuba, 'yan adaidaita sahu sun kewaye shi kowa na miƙo kuɗi, mai jarka na roƙo ta gefe, ba wuya ya zura fetur a tankin gas. Bakin famfon fetur siriri ne, yana shiga tankin motar gas ba gardama, shi ya sa wannan kuskuren ya fi yawa. Na gas ya fi kauri, ƙananan motoci da dama ba ya shiga bakin tankinsu, sai dai in da mazurari aka ɗura. Akwai kuma wanda laifin ba na yaron ba ne sam: tanka ta sauke kaya a rijiyar da ba tata ba, ko ruwan damina ya tsiyaya cikin tankin ƙasa, ko an gauraya man da kananzir.

Ko wanne ne ya same ka, abin da ka yi a rabin awa na farko, kana tsaye a gaban famfon, shi zai sa a biya ka ko a sallame ka da "Allah ya kiyaye gaba".

Bar makulli inda yake

Da zarar ka lura, ko yaron ya ce "Alhaji, ashe gas take sha?", kada ka tayar da motar. Kada ma ka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban sitiyari ke kamawa, domin a motoci da yawa nan take famfon da ke cikin tanki yake fara tura mai zuwa inji. Za a matsa maka ka gyara fakin saboda layi. Ka ce a tura ta. A sa ta a firi, mutum uku su kai ta gefe.

Ga dalilin wannan taurin kan. Gas mai ne mai maiƙo, kuma da maiƙon nasa babban famfon injin gas yake samun santsi. Fetur wanke maiƙo yake yi. In ya shiga famfon, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ɓarɓashin ya bi mai zuwa nozul-nozul masu fesa mai cikin inji, ya koma tanki, ya sake zagayowa. Injinan gas na zamani suna matsa mai da matsanancin ƙarfi, don haka ɗan ɓarɓashi kaɗan ya isa ya kashe nozul. Motar da ba a tayar ba, a zuƙe tanki a wanke, a canza filta, shi ke nan. Wadda aka tuƙa daga Hotoro zuwa Kabuga a cikin Kano tana iya cin famfo da nozul da bututan mai gaba ɗaya. Tazarar kuɗin da ke tsakanin gyaran biyu ita ce za a yi ta jayayya a kanta daga baya, kuma mai gidan mai zai ce kai ka jawo ta da ka ci gaba da tuƙi bayan ka sani.

Gas a motar fetur ya fi sauƙi. Za ta yi ta shaƙewa, hayaƙi ya turnuƙe ta salansa, fulogi su jiƙe, ta mutu. Galibi wanke tanki da canza fulogi da filta sun wadatar, sai dai in an dage ana ta ba ta wuta, a nan matatar hayaƙin da ke cikin salansa na iya lalacewa, kuma ita ma ba arha gare ta ba.

Tara shaida kafin wuri ya watse

Fito da waya. Ɗauki hoton motar a tsaye a gaban famfon kafin a tura ta, lambar motar ta fito, rubutun jikin famfon ya fito: PMS fetur ne, AGO gas, DPK kananzir. Ɗauki mitar famfon tana nuna lita nawa da kuɗi nawa kafin yaron ya goge ta don mai biye da kai. Ɗauki murfin tankinka, musamman in akwai rubutun irin man da motar ke sha a jikinsa. Ɗauki allon sunan gidan man. Bidiyon minti ɗaya da ya haɗa duk waɗannan a zagaye guda, kana faɗin rana da lokaci da bakinka, ya fi hotuna goma.

Sannan ka biya kuɗin man. Na san ran mutum ba zai so ba, amma biyan ne ke tabbatar da cewa ciniki ya gudana tsakaninku. In da hali ka biya ta POS ko ta tura kuɗi, saƙon banki zai nuna sunan wanda ya karɓa da minti. Ka nemi rasit a rubuta irin man da aka zuba, ba irin wanda ka nema ba. A Kano ba mu saba karɓar rasit a gidan mai ba sai direbobin ma'aikatu, amma littafin yana nan a ofis, kuma sashe na 118 na dokar kare masu saye ta tarayya ya wajabta wa mai sayarwa ba da shaidar ciniki a rubuce.

Mutanen da ke layi a bayanka sun ji lokacin da ka ce "gas na dubu ashirin". Nan da minti biyar sun tafi. Ka roƙi biyu daga cikinsu lambar waya. In ka hango kyamara a rufin gidan man, ka gaya wa manaja a gaban mutane cewa a adana hoton wannan lokacin, don na'urorin suna shafe tsohon ɗauka da kansu bayan 'yan kwanaki.

Maganarka da manaja ce

Kada ka ɓata ƙarfinka a kan yaron. Albashinsa na wata shida ba lalle ya sayi nozul ɗaya ba, kuma a shari'a ba shi ne abokin ƙararka ba. Ma'aikaci in ya yi sakaci a bakin aikinsa, ubangidansa ke ɗauka. Za ka ji manaja na cewa "to kai ka ja wa kanka, sai a cire a albashinka". Wannan tsakaninsu ne. Kai da kamfanin da sunansa ke kan allo kuka yi ciniki. Mari ko zagi kuwa juya maganar yake yi, mai neman diyya ya koma wanda ake tuhuma.

Abin da zai biyo baya kowa ya san shi. Manaja zai fito yana "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, tsautsayi ne", limamin masallacin gidan man ya sa baki, wani dattijo daga layi ya ce ƙaddara ba ta wuce ranarta. Duk gaskiya ne, kuma ka karɓa da mutunci. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya ne wajen biya: kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke lamuni. Don haka amsarka gajeriya ce: "Malam, na haƙura, ban riƙe kowa a raina ba. Sai dai a rubuta abin da ya faru."

Takardar ba ta buƙatar lauya. Ko a bayan rasit za a iya rubuta ta, da Hausa ko da Turanci:

"Yau, ranar kaza ga watan kaza, da misalin ƙarfe kaza, ma'aikacinmu ya zuba fetur lita kaza a mota mai lamba kaza, wadda gas take sha. Ba a tayar da motar ba bayan zubawar. Gidan mai kaza ya ɗauki nauyin janwe, da wanke tanki, da duk gyaran da wannan kuskuren ya jawo, da mayar da man da aka biya."

Manaja ya sa hannu da cikakken sunansa, a buga hatimin kamfani, shaidu biyu su sa hannu. Ka ɗauki hotonta nan take. In ya ce ba shi da ikon sa hannu sai Alhaji ya dawo daga tafiya, ka ce a rubuta iya abin da ya faru ko ba alkawarin biya. In wannan ma ya ƙi, kai ka rubuta masa saƙon WhatsApp kana tsaye a wurin, ka zayyana komai, ka roƙe shi ya amsa. Ko "to, za mu duba" ya rubuto, ya amsa cewa abin ya faru a gidansu.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata ka gaya wa kanka tun kafin su gaya maka. A yawancin gidajen man Kano famfon gas a gefe yake shi kaɗai. In kai ko direbanka kuka kai motar gas gaban famfon fetur, kuka ce "a cika" ba tare da ambaton irin man ba, to za su ce laifin na raba-daidai ne, kuma alƙali na iya rage diyyar gwargwadon sakacinka. Wannan ba ya wanke su gaba ɗaya, musamman in an rubuta irin man a murfin tanki kuma yaron ne ya buɗe da hannunsa. Amma yana canza abin da ya dace ka dage a kai. Wanda ya faɗi irin man da bakinsa kuma yana da shaida, ya nemi duka. Wanda bai faɗa ba, in an yi masa tayin rabi ko kashi biyu cikin uku, ya yi tunani kafin ya ƙi.

Wajen makanike

Za su ce suna da makanikensu, yanzu zai zo ya zuƙe. In motar ba a tayar da ita ba, kuma ba sabuwa ce mai garanti ba, babu laifi, muddin kana tsaye. In kuwa an tayar, ko tana ƙarƙashin garantin dila, a kira janwe a kai ta inda kai ka yarda da shi, su turo wakilinsu ya gani. Zuƙe tanki da tiyo ta baki ba ya fitar da na ƙasa. Tanki a sauke shi ko a buɗe ta wajen famfonsa, a wanke, a busa bututai, a sa sabuwar filta. Kuma a yi aikin nesa da masu walda da masu shayi, fetur a buɗe ba abin wasa ba ne.

Kafin a zubar da man da aka fitar, a ɗebi samfuri kwalba uku masu tsabta, a toshe, a naɗe bakin da salatif, a rubuta rana da lambar mota, kai da wakilinsu ku sa hannu a kan salatif ɗin. Ɗaya taka, ɗaya tasu, ɗaya ta hukuma in magana ta kai can. Ka ajiye taka a inuwa, nesa da kicin da yara. In zargin ruwa ne, bar kwalbar ta zauna minti goma, za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa da layinsa a fili. In kana son gane gas a cikin fetur, ɗiga a farar takarda: fetur zai bushe ya tafi, gas zai bar tabon maiƙo. Waɗannan gwajin gida ne na gamsar da mai gardama, ba su maye gurbin gwajin hukuma.

Makanike ya rubuta abin da ya gani a takarda mai sunan garejinsa: irin man da ya tarar, kayan da suka lalace, da dalilin da ya sa yake ganin man ne ya lalata su. In ya buɗe filta ya ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a cikin mai, a ɗauki hoto kafin a wanke. Duk abin da aka cire, famfo ko nozul ko filta, ka sa a buhu ka tafi da shi gida, kada ya bi 'yan gwangwan. Kayan da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa a karɓo rasit, a rubuta ko sabo ne ko na Kwatano. Kuma ka ji tsoron Allah a lissafin: kada a cusa kulochi da birki da suka daɗe da mutuwa. Abu ɗaya na ƙarya in aka kama a jerin, sauran na gaskiyar ma sun shiga shakka.

Abin da za ka nema ya haɗa da kuɗin man da aka zuba bisa kuskure da wanda ke cikin tankin tun farko, janwe, aikin makanike, kayan gyara, da abin da ka kashe a sufuri kwanakin da motar ke kwance. In motar haya ce, balas ɗin da ta saba kawowa kullum shi ma asara ce, amma sai da littafin da ke nuna shi.

In sai da ka bar wurin ka gane

Wannan ya fi wuya, amma ba a rasa ba. Tsaya inda ta fara gardama, kashe ta, kada ka yi ta gwada tayarwa. Kada ka ƙara mai a wani wuri, balle wajen 'yan bumburutu, don da ka yi haka ka ba su ƙofar cewa ba nasu ba ne. Saƙon banki, da nisan da ke tsakanin gidan man da inda ta mutu, da samfurin tanki, su ne shaidarka. Ka koma a ranar. In matsalar daga rijiyarsu ce, ba kai kaɗai ba ne: za ka tarar da wasu motoci da babura sun mutu a kan titin, ku karɓi lambobin juna ku tafi tare, ku kuma sanar da NMDPRA, hukumar da ke kula da gidajen mai, da gaggawa tun man yana cikin rijiyar. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, yawan motocin da suka lalace a Legas da Abuja a lokaci guda ne ya sa ba a iya musun abin ba, har kamfanin NNPC ya fito ya amsa.

Abin da doka ta ba ka

Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC, ta tsaya maka a wurare huɗu da ya kamata ka riƙe lambobinsu. Sashe na 136 ya ce in kaya marasa kyau ko wani aiki da aka yi maka ya jawo ɓarna, wanda ya sayar ko ya yi aikin shi ke da alhaki, kuma ɓarnar ta haɗa da dukiyarka. Sashe na 137 ya hana a kauce wa wannan alhakin da wani sharaɗi ko sanarwa, don haka allon da aka rubuta cewa kamfani ba ya ɗaukar asara bayan an bar famfo ba ya kare su. Sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa in aka yi zargin kayansa ko aikinsa na da aibi. Sashe na 146 kuma ya jera ƙofofin da za ka bi: kamfanin kansa, hukumar da ke kula da harkar, FCCPC, ko kotu kai tsaye.

Fara da wasiƙa zuwa ga mai kamfanin, ba manaja kaɗai ba. Shafi ɗaya: abin da ya faru, jimillar kuɗin, kwafin rasitai da rahoton makanike da hotuna, da wa'adin kwana 14. Kai kwafi biyu, a sa hannu a buga hatimi a kan naka. Asalin takardu kada su bar hannunka. In gidan man na ɗauke da tambarin babban kamfani ne amma dila ke gudanar da shi, aika wa babban kamfanin kwafi, su suna jin kunyar sunansu. In ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, shugabannin IPMAN, ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, ko wani babba da yake jin nauyinsa kan gama magana a zama ɗaya. A garin nan wannan hanyar ta fi kowace sauri, kuma ba gazawa ba ce a bi ta. Sharaɗin dai duk abin da aka amince a rubuta adadinsa da ranar biya.

In wa'adi ya cika shiru, sai hukumomi. NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohuwar hukumar DPR a ɓangaren gidajen mai, ita ke ba su lasisi, tana da ikon ɗibar samfuri da rufe famfo, don haka takardarta ba a ajiye ta a aljihun tebur. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano tana karɓar koke ta kira ɓangarorin biyu. FCCPC na karɓar koke ta shafinta na intanet, ka ɗora takardunka a can. Ba laifi ka kai wa duka ukun, ka nuna a ƙasan kowace wasiƙa cewa sauran sun samu kwafi.

'Yan sanda fa? In ana neman hana ka fita da motarka, ko rikici na neman tashi, je ka ba da rahoto. Amma ba su ne masu karɓo maka kuɗi ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan abin da ya shafi saɓa yarjejeniya ko ɓarnar da ba laifin hukunci ba. Sa a kulle yaron kwana biyu ba zai gyara famfo ba, sai dai ya taurara zuciyar wanda kake son ya biya.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kala-kala ce. Cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2009, tana zaunar da mutane a sulhunta ba tare da doguwar shari'a ba, kuma yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu tana zama kamar hukunci. Kotun ƙananan basussuka da aka fara a Kano a 2019, da iyakar naira miliyan 5 a lokacin, an tsara ta ne mutum ya tsaya da kansa ba lauya, a gama cikin kwana 60. Sai dai aikinta bin kuɗin da adadinsu ya tabbata ne. A nan ne takardar da ka sa aka rubuta take biyan ka: in akwai sa hannunsu cewa za su biya naira kaza ranar kaza, ta zama bashi, hanyarta gajeriya. In babu, ƙarar diyya ce ta sakaci a kotun majistare ko babbar kotu gwargwadon kuɗin, kuma a nan gara ka nemi lauya. Kotun shari'ar Musulunci ma na sauraron irin wannan tsakanin Musulmi. Ka tabbatar sunan da ka rubuta a ƙara shi ne sunan kamfanin da aka yi wa rajista, wanda ke kan rasit ko saƙon banki, ba sunan da unguwa ke kiran gidan man da shi ba.

Batun inshora a taƙaice: takardar naira 15,000 da yawancinmu ke yi don a wuce shingen hanya, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba motarka ba. Mai cikakkiyar inshora ya sanar da kamfaninsa a ranar, ya kuma karanta takardarsa, don wasu sun cire kuskuren zuba mai daga abin da suke biya.

Ranar biya za a iya miƙo maka takarda cewa ka karɓi kuɗi kuma magana ta ƙare har abada. In motar ba a taɓa tayar da ita da gurɓataccen man ba, sa hannu ba damuwa. In an tayar, dakata. Famfon da fetur ya goge yakan yi aiki lafiya na ɗan lokaci kafin ya fara wahalar tashi da safe ko ya rage ja a kan hanya. Ka nemi a ƙara layi ɗaya: in cikin wata uku famfo ko nozul suka nuna matsalar da makanikai biyu, naka da nasu, suka tabbatar daga wannan man ce, kamfanin zai gyara. Ka rubuta lambar kilomitar motar a jikin takardar a ranar, kuma a wata ukun nan ka riƙa karɓar rasit duk inda ka sha mai.